Na Ga Kuskuren Lokotoro, Na Ɗauki Hoto, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Ina gaishe ku da haƙurin ɗaukar kayan mutane. Don Allah a sakaya sunana da sunan garinmu, kuma duk wanda yatsansa ya fara ƙaiƙayin rubuta mini zagi ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Ba wanke kaina na zo yi ba, na san abin da na aikata. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini, domin ran Litinin zan shiga Dogon Dutsi da wata takarda a cikin jakata, ban san ko in miƙa ta ita kaɗai ba ko in haɗa da abin da ke cikin wayata.

Ni ma'aikacin jinya ne, manjo, wato babba a cikin ma'aikatan wani ɗan asibitin karkara a ƙasar Arewa, can inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa. Shekarata goma sha tara a wurin. Kafin a turo mana likita mai digiri, ni ne komai. Ni ke ɗinke goshin da sa ya tunkuya, ni ke ciro ƙwayar gujiya daga hancin yara, ni ke karɓar haihuwa in ungozoma ta yi tafiya. Ba wanda ke ce mini Manjo a lokacin, Likita ake ce mini. In na ratsa kasuwa tsofaffi kan ɗaga hannu tun daga nesa, da damina kuwa ƙwan zabi har sai matata ta raba wa maƙwabta. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai ranar da ya fara raguwa.

Shekara biyu da suka wuce aka turo mana likita. Zan kira shi Ilyasu, ba sunansa ba ne. Ɗan siriri, da tabarau, na girme shi da sama da shekara ashirin. Wallahi da ya zo da girman kai da na samu abin riƙewa, da na ƙi shi da hujja na huta. Amma yaron nan ranar farko har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba Manjo, kai ne ka san mutanen ga, ni koyo naz zo yi." To, ya za ka yi da irin wannan? Ba ya zama bayan tebur kamar mu, kujera yake jawowa ya zauna kusa da marar lafiya. In tsohuwa ta ce iska ce ta taɓa jikanta, ni tsawa nake daka mata, shi kuwa sai ya ce, "To Inna, a yi ta addu'a, amma mu ba shi wanga magani tukun." Yana riƙe sunayen mutane, yana tambayar su yadda hatsi ya yi. Cikin wata shida aka tuɓe mini sunan Likita ba tare da an yi taro ba. Shi ya zama Lokotoro, wato likita a bakin mutanen nan, ni na koma Manjo. Wani dattijo da na taɓa kwana uku a kansa saboda cizon maciji ya tsaya gaban teburina ya ce, "Sannu Manjo. Ba kai ni ka biɗa ba, ɗan yaron nan mai hannu, yana ciki?" Na yi dariyar dole na nuna masa ƙofa.

Duk da haka na danne, har zuwan Mariyama. Wata mata ce daga wani ƙauye a hanyar Dogon Kiriya, aka kawo ta a amalanke da tsakar rana tana naƙuda mai wuya. Da aka ciro yaron bai yi kuka ba, jikinsa ya saki. Lokotoro yana kan uwar yana tsayar da jini, ni na ɗauki jaririn, na tsotse masa hanci da baki, na yi ta hura masa iska da 'yar jakar roba har hannuna ya ƙage, sannan ya tsanyara kuka. Ni ne na yi wannan, Allah shaida ne. Bayan kwana bakwai sai ga mijinta da ƙullin goro, bakinsa har kunne, yana cewa, "Ga goron suna. Mun sa mishi Ilyasu, takwaran Lokotoro na!" Har ni ya miƙa wa guda biyu. Jama'a, shekara goma sha tara, ko ɗan akuya ba a taɓa sa wa sunana ba a ƙasar nan. Na san abin kunya ne namiji mai furfura ya faɗi haka, amma a ranar hassada ta shige ni ta zauna daram. Na jefa goron a aljihu, ya bushe a can.

Ga yadda muke aiki, don ku gane abin da na yi. Duk marar lafiya ta teburina yake fara bi. Mai ɗan ciwon kai, mai ƙaiƙayi, mai mura, ni ke gamawa da su, sai masu nauyi kaɗai nake tura wa likita. Ni ne matacin wurin. Bayan sunan nan sai na cire hannu. Duk wanda ya zo, kafin ya buɗe baki sai in ce, "Lokotoro ku ka so? Ga ƙohwa can." Mai ƙaya a ƙafa, Lokotoro. Mai neman maganin tsutsa, Lokotoro. A raina ina cewa tunda shi kuke so, ku cinye shi. Kuma ni ke rubuta jadawalin gardi, wato kwanan aiki, shi dai hannu kawai yake sawa ba ya ko karantawa saboda ya yarda da ni. Sai na riƙa ɗora nasa a jajibirin kasuwa, ranar da na san washegari layi zai kai bakin bishiyar dogon yaro. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa yi masa ƙarya wajen manya ba. Da alƙalami da murmushi na yi aikina.

Kuma na ga yana narkewa a gabana. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya daina tambayar hatsi, ya daina riƙe suna. Yakan sallame azahar ya ɓingire a kan sallaya sai an tashe shi. Wata rana ya rubuta wa mutum ɗaya magani sau biyu, wata rana ya fito da riga a bai-bai, wata rana kuma, shi da ba a taɓa jin muryarsa ba, ya daka wa wata mata tsawa don ta kasa faɗin kwana nawa ɗanta ya yi yana zawo. Da na ji mata a layi suna raɗa, "Lokotoro ya sake, ba awa da ba," kun san me na ji? Daɗi. Kamar na sha ruwan randa a watan bazara. Wane irin mutum ne ke jin daɗin haka?

Gab da damina ya same ni a ƙarƙashin bishiya, ya zauna a ƙasa kusa da kujerata, ya cire tabarau yana murza ido. Ya ce, "Baba Manjo, je suis fatigué, na gaji. Wani lokaci in na dubi layin ga ba mutane ni ka gani ba, karne ni ka gani, littattahan asibiti kawai. Tsoro ni ka ji. Na rubuta takardar konje, hutun sati biyu, in tahi Tibiri wurin tsohuwata in yi kwana. Kana iya riƙe wurin?" Zan iya mana, shekara nawa na riƙe shi ni kaɗai? Amma sai na gyara hula na ce, "Ni dai shekara sha tara ban taɓa barin mutanen ga cikin damina ba. Amma ku yaran zamani jikinku daban na. Tahi abinka, in sunka tambaya sai in ce ka gaji." Na san inda zan soka, kuma na soka. Ya ce, "Gaskiyarka, Baba," ya ninke takardar ya sa a aljihu. Da na koma gida na ba matata labari ina dariya, sai ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "Malam, yaron ga hwaɗuwa za shi yi, kuma kai ma ka sani." Na ce ta ji da tukunyarta.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, hatsi ya fara fitar da kai, lokacin da zazzaɓin sauro ke kwasar yara har a ƙasa muke shimfiɗa su. Lokotoro ya kwana a gardi, ni na sa shi. Da hantsi sai ga Mariyama da takwaransa, ya shekara da 'yan watanni, jiki kamar garwashi, yana amai, wuya ya langaɓe. Da hannuna na ɗora shi a sikeli, kilo bakwai da ɗoriya, na rubuta a karnensa, wato ɗan littafin asibitin da kowane yaro ke da shi. Allurar da muka saba yi wa irinsu ta ƙare mana a satin, sai kinin a cikin ƙarin ruwa, shi kuwa kinin ba ya son wasa, da nauyin yaro ake auna shi. Lokotoro ya duba shi ya rubuta. Ƙa'idar wurinmu ita ce duk ƙarin ruwan yaro sai karnen ya dawo teburina na duba lissafin, sannan ya wuce wajen Madam Hadiza, ma'aikaciyar da ke haɗawa ta ɗaura. Ido biyu muke ce wa wannan, kuma ni na kafa dokar da kaina tun kafin ya zo.

Ina buɗe karnen na gani. Da nauyin yarinyar da ta riga shi shiga ya yi lissafin, 'yar shekara shida, ta ninka yaron har da ƙari. Littattafan biyu ne buɗe a gabansa, idonsa ya faɗa kan wanda ba shi ba. Tsakanin teburina da ƙofarsa taku goma ne. Abin da ya kamata in yi bai wuce in leƙa in ce, Lokotoro, duba nan, ya gyara, a wuce wurin. Sau nawa aka taɓa yi mini haka ina sabon shiga? Amma zuciyata bugawa ta yi da murna. Na ce yau na kama mai hannu, kuma a kan takwaransa. Na ciro waya na ɗauki hoton shafin. Shirina shi ne in jira sai ma'aikata sun taru shan shayi, in buɗe littafin gaban kowa, in ce, ku zo ku ga aikin digiri. Na leƙa ɗakin yara na ga shida ne a gaban yaron, na ce Madam Hadiza ba za ta kai kansa ba kafin lokacin. Ban sa hannu ba, na danne karnen da kwalbar auduga a kan teburina. Wallahi tallahi ban yi nufin maganin ya shiga jikin yaron ba. Mutuncin likitan nake so in zubar, ba wani abu ba.

Sai aka shigo da wani manomi, garma ta tsarge masa ƙwauri, jini na tsartuwa. Na shige ɗakin ɗinki da shi. Jijiya ce ta tsinke, ta ba ni wuya, na daɗe ƙwarai. Sau biyu karnen ya faɗo mini a rai ina riƙe da allura, sau biyu na ce ai yana ƙarƙashin kwalba. Me zai hana in ɗaga murya in ce kada a taɓa littafin da ke teburina? Don in na faɗa, wani zai buɗe ya gani, a gyara a ɓoye, biki ya wuce ni. Ashe Mariyama ta ga ɗanta na ƙara sanƙarewa, ta je teburin, ta gane littafinta saboda koren zaren da ta ɗaure shi da shi, ta ɗauka ta kai wa Madam Hadiza tana kuka. Ita kuwa da ta ga suna sai ta ce, "Takwaran Lokotoro na, a hwara da shi." Daga teburina ya fito, ga yara na kuka ta ko'ina, ba ta tsaya neman sa hannuna ba.

Da na fito sai na ga kwalbar auduga ita kaɗai. Na ruga ɗakin yara, ruwan ya wuce rabi. Na fizge robar, na ƙwala wa Lokotoro kira. Ya zo ya karɓi littafin, ya duba, ya sake dubawa, sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa gaban mata. Na daka masa tsawa ya miƙe, muka yi abin da za mu iya, aka kira motar asibiti ta kwashe su zuwa Dogon Dutsi. Da ƙurar motar ta lafa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba Manjo, Allah ne yak kawo ka. Da ba ka gani ba da na kashe shi." Madam Hadiza tana share hawaye ta ce, "Manjo, na aza ya bi ta hannunka." Na dubi idonta na ce, "Ban gan shi ba, ina ɗakin ɗunki." Haka ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Yaron bai mutu ba. Bayan kwanaki aka dawo da shi, zazzaɓi ya sauka, yana shan nono, yana dariya in ya ji muryar uwarsa. Amma idonsa a buɗe yake ba ya bin komai. Ka kaɗa masa hannu, ka haska masa fitila, shiru. Likitocin can sun ce wataƙila ya dawo kaɗan, wataƙila ba zai dawo ba. Kakarsa ta ce doguwa, aljanar tsamiyar bayan gari, ita ce ta shafe shi, kuma da ni ne da na bar su a haka. Shi kuwa Lokotoro sai ya kira Mariyama da mijinta cikin ofishinsa, ina tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Ba iska ba ta. Ni nay yi kuskure wurin lissahin magani. Ku yi abin da kunka ga dama da ni."  Mariyama ta kwance goyon, ta ɗora masa yaron a cinya, ta ce, "Lokotoro, kai ka ba shi numhwashi ran da anka haihe shi. Mun ga yadda ka rame a kanmu. Riƙe takwaranka, mun yahe." Har da ƙwan zabi ta zo masa da shi a 'yar ƙwarya.

Ga abin da ya sa na tabbata ba ni da lafiya a zuciya. A wannan lokacin, yaro makaho a gabana, likita na kuka kamar ƙaramin yaro, abin da ya fara zuwa raina shi ne: ni ne fa na ba shi numfashin. Ya makantar musu da ɗa, kuma har yanzu shi ake kai wa ƙwai. Na ji hassadar nan ta motsa, tana nan da ranta. Na juya na fita bayan asibiti.

Tun ranar bai sake taɓa yaro ba. In aka kawo, sai ya ce a kai wa Baba Manjo. Ba ya cin abinci, ba ya fitowa sai salla. Shekaranjiya ya kira ni ya miƙa mini ambulan a buɗe, tunda ni ke kai rahoton wata Dogon Dutsi, ya ce in karanta kafin in liƙe. Takarda biyu ce. Ta farko bayanin abin da ya faru, ya ɗauki laifin duka a kansa, ya rubuta cewa manjo bai samu ganin littafin ba saboda yana ceton wani, kuma manjo ne ya tsayar da ruwan. Ta biyu ta ajiye aiki ce, ba wai a canza masa gari ba, aikin likitan gaba ɗaya. Ya ce, "Ido biyu kas sa muna, Baba, nawa ne yam mutu. Wanda bai iya ƙidaya kilo bai kamata a ba shi ɗiyan mutane ba. Kai kaɗai kat tsaya min a garin ga, ka yahe min nauyin da na bar maka."

Hoton yana nan a wayata, da lokacin da aka ɗauke shi a rubuce a samansa, tun kafin a kawo mai garma. Na ɗora yatsa a kan gogewa ya fi sau ashirin na kasa. In na nuna shi, shekarun da suka rage mini in yi ritaya sun tafi, wataƙila har gaban alƙali, 'ya'yana su ji a kasuwa, Mariyama ta san wanda ya danne littafin ɗanta da kwalba. Kuma idon yaron ba zai dawo don na yi magana ba. In na yi shiru, yaron kirki zai koma Tibiri ya zauna gaban tsohuwarsa yana ɗauke da kayan da ni na ɗaura masa tun daga jadawalin gardi, ƙauyukan nan kuma su koma ba likita, sai ni. Ban san ko gaskiyar za ta tashe shi ba ko ƙarasa shi za ta yi, in ya ji wane ne Baba Manjon da yake durƙusa wa.

Jiya da safe dattijon nan mai cizon maciji ya zo. Bai ko kalli ƙofar Lokotoro ba, ya ja kujera gaban teburina ya zauna, ya ce, "Ina kwana, Likita." Sunan da na yi kusan shekara biyu ina jira ya dawo ke nan, sai na sunkuyar da kai ina jujjuya takardu.

Ambulan na cikin jaka, waya na cikin aljihu, motar Dogon Dutsi ran Litinin da safe take tashi. Don girman Allah ku faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Me zan yi?